Gudun da ba a koro ka ba

A Hausa mutum ba ya gudu haka kawai. Duk inda ka ji an ce wani ya gudu, to akwai abin da ya biyo shi. Ɓarawo ya gudu, almajiri ya gudu daga wurin malam, amarya ta gudu daga ɗakin da ba ta so, wanda ake bi bashi ya gudu ya bar gari. Muna da gudun hijira, muna da gudun ceton rai, muna da gudun abin kunya. Ko wanda ya yi watsi da ƙyale-ƙyale ya kama tasbaha, cewa muke yana gudun duniya, wato shi ma akwai abin da yake tsere wa. Faransanci ya raba abin gida biyu, courir daban, fuir daban. Mu kalma guda ce ke ɗauke da kayan duka biyu, kuma kayan tsira ya rinjayi ɗayan. Har karin magana ta ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ma'ana babba mai hankali yana nan zaune daram, sai an tayar da shi.

Shi ya sa duk wanda ya ɗauki ɗabi'ar fita gudu da sassafe, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa ko nan Yamai, tambaya guda yake sha: "Lahiya dai? Mi ya koro ka?" Shekara biyu ke nan ina shan ta, daga bakin tsofaffi masu dawowa daga masallaci, daga masu gadi, har daga yara ƴan talla. Waɗanda ba su so su bar ni ba dalili sai su ƙirƙiro mini ɗaya. Wani ya ce konkur ɗin jandarma nake shiri. Wani ya ce kokowa zan shiga in ɗauko takobi, alhali duk wanda ya ga ƙwaurina ya san ko zagayen farko ba zan kai ba. Tambayar ba ta taɓa ba ni haushi ba, don ni ɗalibin ilimin harshe ne, na san mai yin ta bai saɓa wa nahawu ba. Harshen ne ya koya masa cewa gudu yana da mai kora. Ni ne na zo masa da jimlar da ba ta cika ba.

Kamarad ɗin da muka zauna kur ɗin aikatau tare za su tuna da Parsons, Baturen Ingila da ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai tun 1960. Ku ɗauki gudu ku juya shi ku ga ƴaƴan da yake haifa. In an nufo inda mai magana yake sai ya zama gudo: ya gudo gida. In akwai abin da ake ƙi, sai "d" ta koma "j" kamar yadda take yi tsakanin gida da gidaje, a ce ka guje wa mugun aboki. Ruwa yana gudana, shugaba yana gudanar da taro. Gudummawa ma, wadda yau muke kaiwa cikin ambulan ranar biki ko suna, in ka ware ta gudu ne ma wani, irin na maƙwabcin da ya ji kururuwa ya rugo. Kowace tana da dalilinta, a gaba ko a baya. Guje-guje ne kaɗai ba shi da dalili, kuma shi ne wanda ake yi wa yara tsawa a kansa a tsakar gida. Rediyo ta are shi ta ba ƴan wasa, amma har yau ƙamshin ƙuruciya bai bar shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne doki ya samu kalmar da mutum bai samu ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa in aka bar doki a turke kwana da kwanaki yana cin harawa da dusa, jikinsa mutuwa yake yi, ya yi teɓa, ya yi fushi, ya riƙa haƙar ƙasa da kofato. Sai a ɗaura masa sirdi da safe ko da la'asar a zagaya da shi bayan gari, ba yaƙi, ba hawan salla, ba saƙon sarki, a dawo da shi turkensa. Wannan shi ne kilisa. Kakanninmu ba su ƙirƙiro wa kansu irin wannan kalma ba don ba su da buƙatarta. Manomi ƙafa ke kai shi gona ta dawo da shi. Mace tana daka, tana jan guga a rijiya mai gaba ashirin, tana ɗauko itace. Fatake a ƙasa suke bin jakuna daga Damagaram zuwa Kano. A duk gidan, doki ne kaɗai mai ci a ɗaure.

Yau mu ne dokin. Ka ƙirga wunin ɗalibi ka gani. Daga katifa zuwa bencin amfi, awa uku ko huɗu a zaune. Daga nan layin resto, sai barcin rana, sai laburare ko gindin bishiya da kaye a hannu, a zaune. Nisan da kakanka zai taka yana hira, kai sai ka tsayar da kabu-kabu ko taksi. Da dare kuma fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da sukari kamar za a yi alewa, wuya a sunkuye kan waya. An ɗaure mu, ana ba mu dusa, kuma ba mai fitar da mu kilisa in ba mu fitar da kanmu ba.

A kampus cewa muke "za ni futin". Kalmar kanta abin dariya ce ga mai nazarin aro. Daga Faransanci muka ɗauko ta, Faransawa kuma daga Ingilishi suka ƙera ta, alhali masu Ingilishin ba sa kiran gudu da ita ko kusa. Aron aro ke nan, riga guda ta bi wuya uku. Tana dai aiki, in ka ce futin an san ba kare ne ya biyo ka ba. Sai dai a ƙofar lakkwal take tsayawa. Innata ba ta san ta ba, kuma duk abin da ba ka iya faɗa wa innarka da harshenta, bai gama zama naka ba.

Ni abu biyu suka fitar da ni. Na farko babana. Shekara talatin ya yi yana zaune a rumfa guda a kasuwar Maraɗi, daga safe har magariba, babur ya kai shi, babur ya dawo da shi. Wata safiya, ina shekara ta biyu a jami'a, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin koko, hannun ya ƙi tashi. Tansiyo ce, ta daɗe tana hawa bai sani ba, don ita ba ta sallama. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma har yanzu yana jan ƙafar hagu. Ranar da aka sallame mu, lokotoro ya gama lissafa masa abin da zai rage, gishiri da magi da kitse, sai ya juyo kaina ya ce, "Kai ma samari ka kula, abin ga yana bin gida." Ina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa tunanin jijiyoyin jinina suna da tarihi ba.

Na biyu ya fi wuyar faɗa, amma duk wanda ke riƙe da wannan ɗan littafi ya san shi. Rayuwar ɗalibi a ƙasar nan jira ce. Jiran bursi, jiran sakamako, jiran malamin da aka ce yana kan hanya, jiran a janye yajin aiki, jiran kuran ya dawo ka yi cajin waya, jiran a aiko da ɗan abin da za a aiko daga gida. Lisansin da aka rubuta shekara uku a takarda, kowa ya san yadda yake miƙewa kamar danƙo. Ba ka da hannu a ko ɗaya. A hankali sai jiran ya shige maka jiki, ka fara jin cewa ba abin da ke farawa sai wani ya sa hannu. Na ga samari masu kaifin kai sun koma ba sa tashi sai sha ɗaya, don in sun tashi ma ba abin da ya dogara da tashinsu. Na fara hango kaina a cikinsu. Gudun safe shi ne abu na farko da na samu wanda in na ce ƙarfe kaza, to ƙarfe kazan ne. Ba a ɗage shi, ba a liƙa sanarwa a allo cewa an mayar da shi sati mai zuwa. In bai yiwu ba, na san wanda zan tambaya.

Kwana huɗu nake fita a sati, minti 30 zuwa 35, bayan sallar asuba. Wanda ya zo daga gabas zai lura safiyar Yamai tana da nawa. Agogonmu ɗaya ne a duk ƙasar, amma Damagaram tana gabas da Yamai da kusan digiri 7, kowane digiri kuma minti 4 ne na tafiyar rana, don haka garinsu ya riga namu wayewa da kusan rabin awa, na Maraɗi da wajen minti 20. A watan Janairu rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe 7, a watan Yuni kuwa wajen 6 da rabi. Tsakanin sallame salla da fitowar rana akwai wani ɗan fili da ba wanda ya riga ya yi masa shinge. Malami bai sa kur a ciki ba, abokai suna barci, masu aike ba su farka ba. Da sanyin safe ake kama fara, in ji mutane, ni kuma lokacin nake kama kaina.

Wanda bai saba ba ya sani, minti goma na farko ƙarya suke yi. Ƙafa ta yi nauyi, ƙirji ya cushe, wata murya ta riƙa ce maka yau dai ba ranar ba ce, juya. Dalilin a fili yake. Zuciyar saurayi a zaune tana bugawa sau 60 zuwa 80 a minti, in ya fara gudu kuwa sai ta kusa ninkawa. Tsokar ƙafa tana fara neman iska nan take, zuciya da huhu kuma sai sun ɗauki ƴan mintuna kafin su kamo ta. A wannan tsakanin ne mutum yake jin kamar zai mutu. In ka daure ka rage sauri ba ka tsaya ba, sai numfashi ya daidaita, gumi ya karyo, jiki ya saki. Yawancin waɗanda suka ce sun gwada gudu bai karɓe su ba, a cikin minti goman nan suka yanke hukunci, bayan sun fita da gudun tsere kamar an biyo su. Sauri ya haifi nawa.

Ma'aunin saurina gaisuwa ce. Masana motsa jiki suna cewa gudun da ya dace da mai neman lafiya shi ne wanda zai iya magana a cikinsa. Mu kuwa Allah ya hore mana gaisuwa mai tsawo. In dattijo ya ce ina kwana, na amsa lahiya lau, ya ce ina gajiya, na ce ba gajiya, ya ce ya karatu, na ce da godiya, duk ban sarƙe ba, to saurina daidai ne. In na tsaya a "lahi…" numfashi ya ɗauke, na san na wuce gona da iri. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, ko minti 75 na mai ƙarfi. Ka raba 150 gida biyar, rabin awa ne. Ko shayin fada zagaye ɗaya ya fi haka cin lokaci.

Hanyata ta fi bi ta gadar Kennedy, daga Harobanda in ƙetare in juyo. A wannan lokacin kogin Isa yana fitar da wani sanyi da ba ka samunsa a ko'ina cikin gari. Masunta suna cikin kwalekwale, masu wanki sun fara sauka bakin ruwa da ƙullin kaya a ka. Raƙuma suna shigowa gari da itace da tabarmi, suna tafiyarsu ta ƙasaita, motoci na bin bayansu. Mata suna fitowa daga lambuna da kwandunan salati da kabeji. Kunnen ɗalibin harshe kuma ba ya hutu. Wannan ya ce maka "mate ni kani" da Zabarmanci, na wajen Lamorde ya ce "jam waali" da Fillanci, ga Buzu ya wuce da rawaninsa, ga mai shayi yana kunna rediyo da Hausa. Abin da muke haddacewa a amfi game da cuɗanyar harsuna, a kan gada ana yin sa tun kafin gari ya waye.

A nan ne kuma girman kai yake sauka. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Matar da ke ɗauke da kwando ta riga ta taka abin da ya fi nawa, da kaya a ka, da goyo a baya, kuma ba wanda zai ce mata tana futin. Wani tsoho mai amalanken jaki ya taɓa ce mini, "Ɗana, ƙarhin ga da kake zubarwa bisa gudron, da gona ka kai shi." Na yi dariya na ce Baba a yi mini addu'a, amma maganar ta bi ni har ɗaki. Gaskiya ya faɗa ta wani gefe. Sai wanda ya ƙoshi yake ƙona abinci da gangan, kuma a ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005, zubar da ƙarfi a banza abu ne mai kama da almubazzaranci. Amsar da nake da ita guda ce. Shi aikinsa yana karɓar haƙƙin jikinsa kullum, har ya wuce kima. Ni aikin da iyayena suka sayar da buhunan hatsi don in koya, a zaune ake yin sa, kuma a zaune zan yi shi har tsufa in Allah ya ba ni aikin. Ban fi shi ba, bai kuma kamata in yi kamar rayuwarmu ɗaya ba. Jikin da ba a ba aiki ba shi ma yana bin bashi, kuma na ga ranar da ya zo karɓa a gidanmu.

Akwai kuma abin da gadar kanta take tuna mini. An buɗe ta a 1970, kuma ita kaɗai ce ke haɗa gaɓar Yamai biyu har 2011. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga wannan gaɓar cikin jerin gwano suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da aka ɗora wa ilimi. A bakin gadar aka buɗe musu wuta, uku suka rasu, da dama suka ji rauni. Abin da ya biyo baya mun karanta shi, har zuwa babban taron ƙasa na 1991. Kowace shekara muna tunawa da ranar da jawabai. Ni kuwa kusan kullum ina taka wurin, kuma wani lokaci ina tunanin samari masu shekaruna da suka yi gudu a nan, takalma suna zubewa, ba su san wanda ya faɗi a bayansu ba. Wancan gudu ne irin wanda harshenmu ya sani sarai. Nawa, a wuri guda, ba mai bina, ina iya tsayawa in kalli ruwa in na ga dama. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce ga kowa. Wata ƴar ajinmu da take fita ita ma ta ce mini, "Kai tambaya guda ake maka. Ni ukku: mi ya koro ki, ɗiyar wa ce, wa zai aure ki." Su huɗu suke haɗuwa, da dogon hijabi da wando, sai gari ya yi haske, kuma cikin fili mai shinge suke zagayawa don ba sa son bakin ƴan babur. Gadar da nake yabo ba su taɓa gudu a kanta ba. Tansiyo da ciwon suga kuwa ba su tambayar ɗiyar wa ce. Iyayenmu mata da suka bar turmi suka koma injin niƙa, suka bar rijiya suka koma famfo, sun huta da wahala, Alhamdu lillahi, amma su ma turken ya kama su, ga su nan da ciwon gwiwa da kumburin ƙafa. Ita ce kuma ta tuna mini wani abu da na sani ban taɓa haɗawa ba. Sassarfar da alhazai maza suke yi tsakanin Safa da Marwa, gudun mace ake tunawa da ita, Nana Hajara tana neman wa ɗanta ruwa. Abin da ya rage gare mu samari ba shi da wuya. In ka gamu da su ka kawar da ido, ka riƙe bakinka, ka wuce. In ƙanwarka ta ce tana so, ka raka ta maimakon ka kai ƙara gida.

Shekara kuma tana da nata sharuɗɗa. A bazara, Afrilu da Mayu, rana tana haura digiri 40, ko asuba ma iskar ɗumi gare ta, don haka in ka makara da rabin awa ka haƙura, kuma ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. Da damina taɓo ne da kududdufai, sai ka bi gudron, ka lura da ramukan da ruwa ya rufe. Hunturu ya fi daɗin gudu saboda sanyi, amma ranar da ƙura ta rufe gari har ba ka hango ɗayan bakin gada, zama ya fi, don abin da za ka shaƙa ya fi abin da za ka samu. Da azumi nakan mayar da shi tafiya mai sauri, ko ɗan gajeren gudu dab da shan ruwa. Takalmi na gwanjo nake sawa, jikka uku na saye shi a Katako, abin dubawa kawai ƙasansa bai cinye ba kuma yatsu suna da wurin motsi. Ka bi gefen da kake fuskantar motoci, ka sa riga mai haske, kada ka toshe kunnuwa biyu da waƙa. In kare ya taso, tsayawa ake yi. Wanda yake da ciwon zuciya ko asma, ko yake jin jiri ko zafin ƙirji, ya fara ganin lokotoro. Sabon shiga kuma ya fara da minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, na sati biyu ko uku, ba kunya a ciki.

Amma duk waɗannan ba su ne tsadar abin ba. Gudun safe da dare ake fara shi. In kana so ka tashi biyar da rabi, dole ka bar fada ƙarfe goma, daidai lokacin da hira ta fara daɗi, an ɗora shayi na uku, an shiga gardamar Barça da Real ko ta siyasa. Ranakun farko sai da na sha suna: tsoho, liman, soja. Wani ya ce na fara jin kaina. Wannan ya fi ciwon ƙwauri zafi, don a garin da ba naka ba fada ita ce danginka, su ne masu ranta maka dala ɗari ranar da aljihu ya bushe. Ban bar su ba. Ranakun da ba na fita ina zama har a watse. Bayan wata biyu suka daina magana, bayan wata shida biyu daga cikinsu suka fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba. Ɗaya ya ɗore, ɗaya ya koma barcinsa, kuma har yau abokina ne.

Ban zama wani mutum daban ba. Bursi bai zo da wuri don ina gudu ba, kuma fonoloji bai yi sauƙi ba. Abin da na lura da shi ƙanana ne. Ina barci da zarar na kwanta. Kur ɗin ƙarfe takwas ba ya tarar da ni ina hamma. Ranar da labari mara daɗi ya zo daga gida, akwai wurin da nake kai shi in rage masa nauyi kafin in yi magana da kowa. Sannan sau da yawa jimlar da ta ƙi fita a memwar da dare, a kan hanya take zuwa da kanta. Mafi girma dai, ƙarfe bakwai na safe na riga na cika alkawari guda, ko da sauran wunin duk jira ne.

Da na je hutu Maraɗi ina fita ta hanyar gulbi, innata ta kalle ni kwana uku ba ta ce komai ba. Rana ta huɗu, tana miƙo mini koko, ta ce, "Ni na san abin da ya koro ka. Tansiyon ubanka kake gudu." Ban yi musu ba. Ita ma nahawunta daidai ne, kuma wataƙila ba gudun da ba shi da mai kora ko kaɗan. Amma a jihar tamu, tun 2019, dubban mutane sun ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa wajen Gidan Runji, da abin da hannu ya iya ɗauka. A Difa da Tilaberi ma haka. Wanda aka koro da gaske bai zaɓi sa'a ba, bai zaɓi hanya ba, kuma bai san ranar komawa ba. Mai gudun safe shi ya sa wa kansa lokaci, shi ya zaɓi inda zai juya, kuma ta ƙofar da ya fita ta nan yake shigowa. Rabin farko gudu ne, rabi na biyu gudo ne. Banbancin wasali ɗaya ne tak, amma duk wanda ya taɓa kwana a sansani ya san girmansa.

Saura suna. Futin na ƴan lakkwal ne. Motsa jiki ya yi faɗi, har mai miƙa a kan katifa yana ciki. Sassarfa ta faɗi yadda ƙafa ke tafiya, ba ta faɗi dalili ba. Ni dai kilisa na fara cewa, kuma na lura in na ce wa tsoho "kilisa na fito, Baba", dariya yake yi ya gane nan take, wani ma ya ƙara da cewa to a gaida dokin. Kamarad na Adar da Arewa da Gobir da Damagaram, in kun je hutu ku tambayi tsofaffinku ko akwai wata kalma da ta ɓuya a karinku, ku kawo mu duba a fitowa ta gaba. Sai dai mun sani daga aji cewa ƙamus ba ya haifar kalma, bakin mutane ne ke yi, kuma baki ba ya raɗa wa abu suna sai ya saba ganinsa. In muka yi yawa a hanya, maza da mata, sunan zai zo da kansa. Mu dai muna fita Litinin, Laraba, Juma'a da Lahadi, bayan an sallame asuba. Wanda ya zo a makare ya bi hanyar gada, zai same mu, ba mu da sauri.